Ya Gari?

Bahaushe ba ya gama gaisuwa bai tambayi gari ba. Zai tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya bi ta kan iyali da aiki, sa'an nan ya ce, "Ya gari?" Amsar kuwa a bakin kowa take: gari lafiya, gari alhamdulillahi. Ba a tsayawa a ce wane gari ake nufi, na ƙasa mai gidaje da lunguna, ko na sama mai hazo da hadari, domin kalmar ta ɗauke su duka biyun. In alfijir ya keto mu ce gari ya waye. In hadari ya haɗo mu ce gari ya yi duhu. In kuɗi sun ɓuya, ko an fara jin ƙishin-ƙishin fitina, mu ce gari ya yi zafi, ko da a tsakiyar hunturu ne ana jin ɗumi a bakin murhu. In labari ya bazu, gari ya ɗauka. Wanda ba shi da sana'a zauna-gari-banza ne, abin da kowa ke da irinsa kuma gama-gari. Kenan a bakin Bahaushe gari abu ne mai rai: yana kwana, yana tashi, yana jin zafi, yana da kunne da baki.

Abin da ya fi riƙe ni game da kalmar shi ne ba ruwanta da awo. Muna da kalmomin da ke auna girman wuri. Birni sai da ganuwa da ƙofofi da fada. Ƙauye, unguwa, tunga, ruga, kowace da iyakarta. Amma Kano gari ce, Hunƙuyi ma gari ce. Mutumin da ya fito daga wurin da gidajensa ba su kai ɗari ba zai daki ƙirji ya ce "garinmu", da irin muryar da Bakano zai faɗa, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Yana da mai gari, yana da limami, yana da maƙabarta da kakanninsa ke kwance. Karin magana ta ce garin masoyi ba ya nisa, ba ta tambayi ko garin na da kwalta ba.

Zariya ce ta sa nake juya wannan kalma, domin garuruwa ne da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai Birni cikin ganuwa. Akwai Tudun Wada a bakin ƙofa. Akwai Sabon Gari, wanda ya tsiro da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce, ya tara Yarbawa da Ibo da sauran masu bin dogo. Akwai Kongo, akwai Samaru can kan hanyar Funtuwa, akwai Shika gaba da ita. Ɗalibin da ke Samaru in ya ce zai shiga gari, yana iya nufin kasuwar Sabon Gari. Mutumin Tudun Wada in ya faɗi haka, cikin Birni yake nufi. Kowa da inda garinsa ya fara.

A cikin Birni ilimi ya riga boko da ƙarnoni. Ka shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana bayan sallar asuba, ka bi lungunan Unguwar Juma ko Kona, za ka ga takalma jere a ƙofar wani zaure da ba allon sanarwa a kansa. Ciki malam na zaune a kan buzu, littattafai tsibi a gefensa. Almajiran ba yara ba ne: akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin gwamnati da zai wuce ofis in an tashi, akwai dattijon da furfurarsa ta fi ta malamin. Kowa da littafinsa da inda ya tsaya jiya. Wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, na kusa da bango ya kai Risala, wani ya shiga Muhtasar. Mai karatu ya ja jimla cikin Larabci, malam ya fassara da Hausa irin ta zaure, wadda ba a jin ta a kasuwa, ya tsaya ya warware mas'ala, ya ce a ci gaba. Sauran ba sa tashi don ba layinsu ba ne, suna saurare, ta haka mai ƙaramin littafi ke tsintar na babba tun kafin ya isa. Ba rajista, ba kuɗin makaranta, ba ranar yaye ɗalibai. Mutum yakan shekara ashirin yana zuwa zaure guda, kuma in an tambaye shi ya ce shi almajiri ne. Irin darajar da wannan karatu ke da ita a Zazzau ana ganinta a tsarin sarauta: Limamin Juma'a da Limamin Kona suna cikin masu zaɓen sarki.

Ilimin Birni bai tsaya a takarda ba. Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, darasi ne da aka rubuta da tubali da azara. Bakan-gizon da ya ɗaure rufinsa da su sun sa masana gine-gine daga ƙasashe da dama sun yi tattaki don su gani, ɗaliban zanen gini na Samaru ma suka yi ta auna su suna zanawa. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Ran nan Zariya duka, daga Birni har Samaru, gari ɗaya ta zama cikin jimami.

Samaru kuwa da noma ta fara. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, a 1928 aka buɗe gonar kiwo a Shika. Daga baya aka zo da Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda a cikinta wasu samari masu koyon zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a 1958 suna cewa ba za su zana Afirka da idon Bature ba. A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna Ahmadu Bello. Ta ɓangaren Tukur-Tukur kuma akwai Gaskiya, inda injin buga littafi ya yi ta fitar da rubutun Hausa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita. Kwalejin Katsina ma, bayan ta yi zango a Kaduna, Zariya ta zo ta zauna a 1949, ita ce Barewa ta yau. In aka ce Zariya birnin ilimi, ba kirarin banza ba ne.

Amma garin jami'a yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da sauran garuruwa: baƙi ne jininsa. Kowace shekara dubbai su shigo da akwati da katifa a naɗe, wasu dubbai su fita da takarda. Gari ba ya tsufa, domin fuskokin da ke kan titi kullum 'yan shekara ashirin ne, sai dai mai shayi da mai wanki da mai ɗinkin takalmi su ne ke furfura. A bakin babbar ƙofa za ka ji Hausa da Yarbanci da Tibi da Nufanci da Turancin buroka a teburin mai shayi guda, ana gardamar ƙwallo ko ta siyasa har Indomie ta huce. Masu kwafin takardu, masu ɗaurin kundin digiri, masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, masu gidajen haya ɗaki-ɗaki, duk kalandarsu ta jami'a ce. Wanda ke son sanin haka ya tuna 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi wata takwas suna yajin aiki. Mutanen Samaru ba su ce makaranta ta rufe ba. Cewa suka yi gari ya mutu.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, sun kuma ce da ɗan gari kan ci gari. Tsakanin waɗannan maganganu biyu garin jami'a ke rayuwa, kuma zaman ba kullum yake da daɗi ba. Ɗan gari yana ganin ɗalibi da girman kai da baƙuwar shiga, ɗalibi yana ganin ɗan gari na tsuga masa kuɗin haya. Wannan tsohuwar tsama ce, ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, rikici tsakanin mutanen Oksfod da masu karatu a 1209 ya kori wasu malamai suka koma wani gari a bakin kogi, abin da ya haifi jami'ar Kambirij kenan. A 1355 kuma gardama a kan abin sha a wani gidan giya na Oksfod ta rikiɗe ta zama faɗan kwanaki, gommai suka mutu, sarki ya goyi bayan jami'a, aka ɗora wa shugabannin gari zuwa neman afuwa kowace shekara har 1825. Shekara ɗari huɗu da saba'in ana tuna wa ɗan gari cewa baƙo ya fi shi gata a garinsu.

Tsofaffin garuruwan ilimi na wannan nahiya ba haka aka gina su ba, kuma ina ganin a nan muka fi. A Fas, Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859 tana tsakiyar kasuwa, maƙera da majema na kewaye da ita. A Timbuktu, Sankore unguwa ce, malamai na karantarwa a masallaci da gidajensu, littattafai kuma dukiyar iyali ce da ake gada. Shi ya sa da sojojin Maroko suka ci garin a 1591, daga baya suka kwashe malamai irin su Ahmad Baba zuwa Marrakish, garin ne da kansa aka raunata. A Katsina ma hasumiyar Gobarau tana cikin gari, Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuma 'yan unguwa ne da har yau ake nuna inda suka zauna da inda suke kwance. Malami maƙwabci ne, ana kai masa ƙarar miji, ana kiransa raɗin suna. Jami'ar zamani ita ce ta zo da shinge da mai gadi da katin shaida. Ban ce a rushe shingen ba, zamanin ya sa dole. Amma yana ba ni takaici in ga yaro ya shekara huɗu ko biyar a Samaru, ya karɓi digiri, bai taɓa taka Ƙofar Gayan ba, bai hau dutsen Kufena ba, bai san a Turunku aka ce sarautar Zazzau ta zauna kafin ta dawo nan ba. Ya zauna a Zariya, Zariya ba ta zauna a cikinsa ba.

Da kalmar da muke cewa gari ya waye, da ita muke cewa kai ya waye. Mai ilimi wayayye ne, dare ya yaye masa. Wannan kyakkyawar magana ce. Abin da ba shi da kyau shi ne kishiyar da muka ba ta. Ba mu ce kishiyar wayewa duhu ba kawai, sai muka ce ƙauyanci. Wanda ya yi wauta a taro baƙauye ne, ko da a Fagge aka haife shi. Da wannan kalma guda muka yanke wa mafi yawan Hausawa hukunci, alhali su ne ke noma abin da birni ke ci.

Ka fita daga Samaru ka nufi Giwa, ko ka bi ta Hunƙuyi da Kudan, ko ka je Makarfi lokacin rake. Abin da ƙaramin gari ke da shi ba ya shiga hoto da sauƙi. Ranar kasuwa tun da hantsi hanyoyi ke cika: amalanken shanu, babura ɗauke da buhu uku-uku, matan Fulani da ƙoren nono a ka, dillalin hatsi yana soka hannu cikin buhu ya ɗebo masara ya ciza ƙwaya ɗaya don ya ji ko ta bushe. Kafin la'asar an yi ciniki, an yi zumunci, an isar da saƙon biki da na rasuwa, an ga yarinyar da za a nema wa ɗa. Washegari rumfuna su koma wurin kwanan awaki. Ba a tambayar adireshi a irin wannan gari. Ka ambaci sunan mutum, yaro zai kama hannunka ya kai ka har zaurensa, kuma kafin ka zauna an kawo ruwa, an aika cikin gida a dama fura. In an yi mutuwa ba mai zuwa gona sai an dawo daga maƙabarta. In mutum ya kwanta ciwo da damina, a yi masa gayya a nome gonarsa. Da dare kuwa akwai duhu na gaskiya, wanda yaran birni ba su sani ba, har ka ga Kaza da 'Ya'yanta sarai a sama.

Ba aljanna ba ce. Idon da ke lura da kai in ka yi rashin lafiya, shi ne ke ƙirga sau nawa ka bi ta wani lungu. Wanda ya yi abin kunya yana yaro, da shi za a kira jikokinsa. Mace mai naƙuda takan yi doguwar tafiya a kan babur kafin ta ga asibiti. Da an gama girbi samari su watse ci-rani, wasu su dawo da damina, wasu sai dai a ji labari. Mutane da yawa sun gudo birni ne don neman wurin da ba wanda ya san kakansu, kuma ina fahimtarsu. Daɗin garin jami'a kenan ga ɗan ƙauye: a karon farko za a auna shi da abin da ya rubuta a takarda, ba da gidan da ya fito ba.

Duk da haka garinsa na biye da shi, har cikin rajista. Da aka fara makarantun boko, yara masu suna ɗaya sun yi yawa a aji, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Haka ƙananan garuruwa suka shiga tarihi a bayan sunayen 'ya'yansu. Tafawa Ɓalewa gari ne kafin ya zama sunan Firayim Minista. Shagari gari ne, Zungur gari ne, Kaita gari ne. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ne a makaranta. Abubakar Imam ɗan Kagara ne. Har yau in ka tsaya a gaban allon da ake manna sakamakon jarrabawa, taswirar Arewa kake karantawa: Soba, Ikara, Bakori, Ɗanja, Gumel, Illela, Misau. Makaɗa ma haka suke. Ba a raba Ɗanƙwairo da Maradun, kuma Mamman Shata, da duk yawon da ya yi yana wasa garuruwa da mutanensu, ɗan Musawa ne.

Ilimin ma ba a birni kaɗai ya yi sheƙa ba. Shehu Usmanu bai zauna a Alƙalawa kusa da fadar Gobir ba, a Ɗegel ya karantar, ƙaramin wuri, kuma can almajirai suka yi ta kwarara. 'Yandoto, kusa da Tsafe, gari ne da ya shahara da malamai tun kafin jihadi, har rikicin farkon ƙarni na 19 ya ci shi. Alarammomi sun daɗe da sanin cewa hadda ta fi zama a inda ba hayaniya, shi ya sa tsangayu da yawa suke bayan gari ko cikin ƙauyuka, almajirai na noma da damina suna karatu a hasken wutar kara.

Masu binciken boko ma, waɗanda suka yi sa'a, ƙauye ne ya karantar da su. A Giwa ne wata tsohuwa, Baba, ta zauna da Mary Smith wajen 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, na aure da kishi da bauta da zuwan Turawa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yau da wuya a yi nazarin rayuwar matan Hausa ba a koma gare shi ba. A shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana rubuta aikinsu da amfanin da suke samu. A lokacin malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafi ya nuna manomin ya fi su gaskiya: haɗin ya fi ba da riba a fili guda, kuma in ruwa ya yi gardama wani ya ƙi, wani zai yi. Hanwa ɗin nan yanzu Zariya ta haɗiye ta, ta zama unguwa.

Samaru ta rama alheri ta hanyar da nake ƙauna ƙwarai. Irin shukar da cibiyar binciken noma ke fitarwa suna ɗauke da farkon sunan garin: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, auduga SAMCOT. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yana shuka Samaru a gonarsa. Ɗan ƙauye ya kai sunan garinsu jami'a, jami'a ta aiko da sunan nata garin cikin buhu.

Wannan kai-da-kawo shi ne yanzu ke cikin haɗari. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da maƙwabtansu na Katsina da Zamfara. Akwai gonakin da aka daina nomawa, akwai kasuwannin da suka daina ci, akwai garuruwan da suka tashi ɗungurungum, mai gari da limami da kowa. Gari in ya tashi, gidaje ne mafi ƙarancin abin da ake asara. Wa zai tuna sunan kowace fadama, da iyakar gonar wane da wane, da wace rijiya ce ba ta ƙafewa, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da matan wurin ke yi, da dalilin da ya sa ake wasa tsakaninsu da garin gaba? Waɗannan ba a rubuce suke ba, a kan tsofaffi suke. Tsofaffin kuwa da yawansu suna nan da rai, suna zaune a ɗakunan aro a gefen Zariya da Funtuwa, wasu a nan Shika da Samaru, ba su da aikin yi sai tuna gida. Daga inda suke zuwa sashen tarihi ko na harsunan Nijeriya bai fi kuɗin Keke Napep ba, kuma kowace shekara akwai ɗaruruwan ɗalibai da ke yawo suna neman abin da za su rubuta kundi a kai.